Daga Makoda Zuwa Dala A Ƙasa: Bin Sawun Inna Da Tsumburbura

Hanya iri 2 ce a ƙasar Makoda. Akwai ta kwalta wadda ta taso daga Kano, ta bi ta Dambatta, ta nufi Kazaure da Daura. Wannan ta mai gaggawa ce. Akwai kuma burtali, watau tsohuwar hanyar shanu da jakuna da masu ƙafa, wadda ta ke ratsa gonaki tana lanƙwasa kamar igiyar guga, da shingen aguwa dama da hagu don kada dabba ta yi ɓarna. Wanda ya bi kwalta ya ga gari. Wanda ya bi burtali shi ne ya ga ƙasa. Shi ya sa da hutun makaranta ya zo bayan kaka, mu 5 muka ɗaura niyya mu sauka daga Makoda zuwa Dutsen Dala a ƙasa: malaman makarantar Ekklesiya 2, da mai bishara 1, da iyayenmu mata 2 daga Zumuntar Mata, waɗanda su ka ce in dai zancen Inna za a yi, to, ba a yi ba tare da su ba.

Bari mu faɗa muku abin da ya tashe mu. A zamanin nan akwai Turawa masu yawa, galibinsu mata, waɗanda su ke barin gidajensu su ɗauki sanda da jaka, su bi tsofaffin hanyoyin ziyara a ƙasa. Mafi suna cikin hanyoyin nan ita ce wadda ta ke kai mutum Santiyago a ƙasar Sifen, inda a shekarar 2023 kaɗai mutum fiye da 400,000 su ka karɓi takardar shaidar isowa, ba a kuwa ba mai ƙafa takardar sai ya taka aƙalla kilomita 100. Wannan hanya ta masu bin Yesu ce tun asali. Amma cikin matafiyan yanzu akwai waɗansu da su ke cewa su Uwa su ke nema. Suna cewa kafin a san Allah da sunan Uba, mutanen dā sun yi wa wata allahiya mace sujada, mai ba da haihuwa da amfanin gona, kuma wanda ya taka inda masu yi mata sujada su ka taka zai same ta a zuciyarsa. Wata masaniya mai suna Mariya Gimbutas ta rubuta littattafai a kan wannan, wata kuma Ba'amurkiya, Karol Kirist, ta yi shekaru tana jagorar mata zuwa kogunan dutse da tuddan tsibirin Kirit don wannan nufi. Har a ƙasarmu ma baƙi suna zuwa Oshogbo kowane watan Agusta, su bi budurwar da ta ke ɗauke da ƙwarya zuwa bakin kogin Oshun.

Da muka karanta wannan sai muka dubi juna. Gama abin da waɗannan su ke ƙetare teku suna nema, kakannin da yawa daga cikinmu sun zauna da shi a ƙofar gida. Mu jikokin Maguzawa ba sai an ba mu labarin Uwa ba. Mun san sunanta, mun san itacenta, mun san abin da ta ke sha.

Muka fita da asuba, hunturu yana busawa, ƙura ta rufe gabas. Wanda bai san arewacin Kano ba ya kan yi tsammani daji zai ratsa. Babu daji. Tun daga bayan gari har inda ido ya tsaya gona ce ta kama gona, iyakarsu gamba, ba wani taƙi da a ka bari ya huta. An riga an girbe gero da dawa, an kafa buka-bukan kara, an ɗora harawar wake da ta gyaɗa a kan rassan itatuwa inda akuya ba ta kaiwa. Ba ka yin tafiyar minti 10 ba ka ga wani gida ba, da rumbunansa a tsakar fili. Turawa masu binciken ƙasa, irin su Maikal Motimo wanda ya auna gonakin kewayen Kano tun wajen 1960 da 'yan kai, sun yi mamakin yadda ƙasa mai rairayi haka ta ke ciyar da jama'a mai yawa haka shekara da shekaru ba ta mutu ba. Manomi bai yi mamaki ba. Ya san taki ne, wanda a ke tarawa a turke duk damina a kwashe a mangala da rani, ya san kuma gawo ne, itacen nan mai taurin kai wanda ya ke zubar da ganye da damina sa'ad da kowa ya ke tohowa, ya bar wa gero rana da taki a gindinsa.

Itatuwan su ne su ka fara yi mana wa'azi. A ƙasar da kowane kara ya ke da mai shi, itacen wuta kuma ya ke tsada, me ya hana a sare waɗannan manyan tsamiyoyi da kukoki? Amfaninsu ɗaya ne, ba shakka, gama daga nan a ke samun kunu da miya. Amma akwai na biyu, wanda tsofaffi su ka sani: tsamiya da kuka gidajen iskoki ne a wurin mutanen dā, ba kuwa mai ɗora musu gatari da wasa. Har yau yaro Musulmi ko Kirista ya kan ƙara sauri in zai wuce gindin tsamiya da tsakar rana, bai ma san dalili ba.

A wata unguwa kudu da Dambatta muka sauka daren farko, a gidan wata tsohuwa mai bi, wadda uwarta ta mutu cikin tsafi. Bayan tuwo iyayenmu mata su ka ja ta da hira. Ɗayarsu ta ce, “Iya, wai Turawa sun ce Inna uwa ce mai tausayi, suna neman ta.” Tsohuwa ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari, sa'an nan ta ce, “'Yar nan, su zo su ɗauka. Amma su zo da abin yanka.”

Ga abin da ta bayyana mana, ya kuwa yi daidai da abin da wani Ba'amurke, Yusufu Girinbag, ya rubuta bayan ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939. Bamaguje bai musa akwai Allah ba. Ya san shi ne ya yi sama da ƙasa. Sai dai yana ganin Allah ya yi nisa, ba ya shiga zancen gona da ciwon yaro. Masu shiga wannan su ne iskoki, kowane da sunansa, da halinsa, da launin dabbar da ya ke so. A cikinsu babba ita ce Inna, wadda a ke kira Uwar Gona, a kan kuma ce Doguwa don kada a kama sunanta. 'Yan bori suna cewa Bafilatana ce, matar Sarkin Aljan a birnin Jangare. Maigida ya kan zubar mata da jini kafin shuka, ya kuma yi bayan girbi. Ita ce mai tsaron rumbu da dukiyar gida. Wanda ya ɗauki abin da ta ke tsaro, ko wanda ya yi mata alkawari ya manta, sai ta kama shi.

Yadda ta ke kamun nan, kowane Bahaushe yana faɗinsa da bakinsa ko bai lura ba. Me mu ke kiran ciwon nan da ya ke shanye ƙafar yaro? Shan inna. Ma'anarsa a fili ta ke: Inna ta sha ƙafar. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ya tashi ƙafa ta saki, sai a ce uwar ta yi laifi, ko maigida ya hana abin da a ka saba bayarwa. A kai wa boka kaza, a kira masu garaya, yaro kuwa ya girma yana jan gindi. Yanzu mun san ƙwayar cuta ce wadda ta ke bin ƙazantar bayan gida ta shiga ruwa da abinci, ta kama jijiya. Mun san kuma ɗigo 2 a bakin jariri, in an maimaita, yana tare ta. Duk da haka a 2003 aka tsai da allurar a Jihar Kano saboda jita-jita, ba a koma ba sai a tsakiyar 2004, cutar kuwa ta sami ƙofa ta bazu har ƙasashe masu nisa kamar Yaman da Indonesiya. Sai ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka. Ma'aikatan lafiya ba su daina zagawa ba, gama akwai wani reshenta da ya kan ɓullo inda yara da yawa ba su karɓa ba. Ku iyaye, in sun ƙwanƙwasa ƙofa ku fito da yaran. A kan hanyar nan mun wuce magidanta 3 a kan keken guragu, dukansu ba su kai shekarunmu ba.

Kada mai karatu ya ce mun fito ne mu yi wa kakanninmu dariya. Ko kaɗan. Mutumin da ransa duka ya rataya a kan ruwan wata 4, wanda ya binne 'ya'ya fiye da waɗanda ya aurar, in ya nemi wata uwa a bayan gona wadda za ta ji kukansa, ba wauta ya yi ba. Yunwa ce ta gaske ta kai shi. Abin da mu ke ƙi shi ne a ɗauki tsoron da su ka sha a shafa masa zuma, a sayar wa baƙi. Tsohuwar nan ta ce abin da ta fi tunawa daga ƙuruciyarta shi ne uwarta ba ta taɓa kwana da sakakkiyar zuciya ba, kullum tana lissafin wanda a ka ba da wanda a ka manta.

Rana ta biyu ba ta da labari mai yawa. Rairayi, ƙaya, kaushi, da karnuka. Mun sha fura a wurin matan Filani, mun yi sallama da masu sussuka, kowa kuwa ya tambaye mu ko motarmu ce ta lalace. Da muka ce a'a, Dala za mu a ƙasa, wani dattijo ya ce ko dai mun yi wa'adi ne. Tambayarsa ta yi ma'ana, gama a ƙasar Hausa doguwar tafiya a ƙasa ba baƙuwar ibada ba ce. Alhazan dā sun yi shekaru a hanyar gabas ta Barno da Sudan kafin jirgin sama ya zo. Mata ma suna da tasu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga yadda matan karkara su ke manne da bori, sai ta naɗa jajis, watau shugabannin mata, ta ɗora wa kowace malfa irin wadda Innar Gobir shugabar 'yan bori ta ke sawa. Jaji ta kan tattaro 'yan taru daga ƙauyuka, su tako a ƙasa zuwa wurinta su koyi karatu, su komo su koya wa na gida. Ba ta tsaya ga zagin Inna ba, ta ba matan abin da ya fi ta. A ganinmu Ekklesiya tana da abin koyo a nan. Sau nawa mu kan hana mace zuwa wurin boka, sa'an nan in ɗanta ya kwanta ba wanda ya taka ya je ya zauna da ita?

Da hantsin rana ta uku muka faɗa kwalta a Dawanau, cikin manyan motocin hatsi da hayaƙi, muka bi gefen titi har Ƙofar Ruwa. Daga nan Dala ya bayyana, jan dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, gidaje sun kewaye shi sun matse har gindinsa. Wanda ya saba jin sunansa zai ce ashe ɗan wannan ne. Amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, shi da Gwauron Dutse su ne abin da matafiyi ya ke fara hangowa, nan kuma a ka sami tama. Masu tonon tarihi sun gano wuraren narkar da ƙarfe a gindinsa tun na ƙarni na 7.

Labarin abin da a ke yi a nan yana cikin Tarihin Kano, wanda a ka rubuta da Larabci, Bature Palma ya juya shi da Turanci a 1908, yana kuma cikin Labarun Hausawa Da Maƙwabtansu da Hausa. Bisa ga littafin, Barbushe, na zuriyar Dala, shi ne babban mai tsafi, a kan dutsen ya ke zaune, ba ya saukowa sai kwana 2 a shekara. Abin da su ke bauta wa shi ne Tsumburbura, mazauninsa wani itace ne da a ke kira Shamus, an kewaye shi da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. In ranar ta kusa, mutane su kan taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, su taru a gindin dutse da maraice. In duhu ya yi Barbushe ya sauko da makaɗa, ya ja jama'a zuwa wurin itacen, a yi yanka, shi ya shiga shi kaɗai, su kuwa su yi ta kewaya katanga har gari ya waye. Sa'an nan ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekarar. A nan ne, in ji littafin, ya faɗi zuwan baƙon da zai mallake su, watau Bagauda, wanda a ke lissafin sarautarsa daga shekarar 999.

A bakin Kanawa Tsumburbura mace ce. “Ita” a ke ce mata, a tatsuniya da waƙa da wasan kwaikwayo. To, ga ziyarar allahiya a tsakiyar ƙasar Hausa, shekara 1,000 da su ka wuce, da matafiyanta da hadayunta. Mutanen arewa da su ka zo taron, ta irin burtalin da muka biyo su ka zo, suna jan bunsuru. Mun tsaya mun yi tunanin wannan: tafiyar da ta fasa mana ƙafa, su sun yi ta da tsoro a ciki, ba su kuwa ga fuskar wadda su ka zo dominta ba. Katanga su ka gani, da bayan mutum ɗaya yana shiga.

Ba a rabu da ita da sauƙi ba. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, ya fasa katangar da yaƙi. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa su ka zo daga Mali da Musulunci, a ka yi masallaci a gindin itacen tsafi. Duk da haka ɗansa Kanajeji, da yaƙin Zazzau ya ƙi ci, sai ya koma ya tambayi masu tsafi abin da zai yi. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, a ka sare itacen a ka gina hasumiya a wurin. Ku duba, wajen shekara 150 ke nan ana fama. Wanda ya yi aikin bishara a ƙauye ba zai yi mamakin Kanajeji ba. Mun san masu bi waɗanda su ke raira waƙa ran Lahadi da dukan murya, amma ran da haihuwa ta yi gardama sai a ga laya ta fito daga ƙarƙashin gado.

Muka hau ta matakalar siminti, iyayenmu mata suna hutawa a kowane kwana. A sama babu kome sai fili da tsakuwa da yara masu wasa. Daga nan a ke ganin birni duka, kamar yadda Bature Barth ya gan shi ya zana a 1851: ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga Gidan Rumfa, ga rumfunan Kasuwar Kurmi. Sunan kasuwar ma shaida ne, gama a wurin akwai kurmi mai duhu a bakin Jakara wanda mutanen Barbushe su ke tsoro, ba mai taɓa itacensa. Yau Jakara magudanar ruwan ƙazantar birni ce.

A kan dutsen mai bishara ya buɗe Littafi Mai Tsarki, muka karanta wurare 3, muna roƙonku ku karanta su a sujadar gida. Na fari Irmiya sura 44, inda matan Yahuda da su ka gudu Masar su ka yi wa annabi gardama a kan sarauniyar sama. Hujjarsu ita ce, sa'ad da su ke ƙona mata turare suna toya mata waina suna da abinci a ƙoshe, da su ka bari kuwa sai wahala ta zo. Iyayenmu mata su ka ce wannan magana sun ji ta da kunnensu a ƙauye, ba a sāke ko kalma ba. Na biyu Ayyukan Manzanni sura 19, labarin Artimas ta Afisa, wadda masu ziyara su ke zuwa haikalinta daga ƙasashe, har maƙeran azurfa su ka ta da hargitsi don wa'azin Bulus ya taɓa cinikinsu. Wanda ya je wurin yau a ƙasar Turkiyya, ginshiƙi 1 zai tarar a tsaye cikin fadama.

Na uku shi ne ya fi daɗe da mu, watau Ishaya 66:13 tare da Matiyu 23:37. A na farkon Ubangiji ya kwatanta ta'aziyyarsa da ta uwa ga ɗanta. A na biyun Yesu ya kwatanta kansa da kaza mai tattara 'yan tsakinta a ƙarƙashin fikafikanta. Ɗaya daga cikin iyayenmu, wadda ta yi shekara 30 tana zuwa sujada, ta ce ba ta taɓa jin an yi wa'azi a kan ayoyin nan ba. Mu malamai muka yi shiru. Muna koya wa yara Allah Sarki ne, Mai Shari'a ne, Makiyayi ne, duka kuwa gaskiya ne. Amma matar da ta fito daga gidan da a ke kiran Inna, ta bar abin da ta sani, tana bukata ta ji cewa tausayin uwa da ta ke nema yana wurin wanda ya halicci uwaye, shi kuwa ba ya karɓar kaza, ba ya shan ƙafar yaro. Watakila Turawan nan masu sanda da jaka ma ba wanda ya taɓa karanta musu.

Mai son ya yi wannan tafiya, ya yi ta tsakanin Nuwamba da Janairu, bayan an kwashe amfani, kafin zafi ya sauko. Ya fita da asuba ya huta da azahar, ya riƙe gorar ruwa da man kaɗe domin kaushi, ya sa takalmin da ya saba da ƙafarsa. In zai kwana a unguwa ya fara gai da mai unguwa ya faɗi abin da ya kawo shi. Kada ya ratsa gonar da ba a kwashe wake ba, kada kuma ya ɗauki hoton mace ko na gidan mutum sai da izini. Komowa kuwa, akwai motocin Dambatta da Kazaure a bakin titin Dawanau tun safe har magariba.